Tambayoyin Masu Karatu: Gida Kake Saya ko Unguwa?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi yawa a kan sayen gida da fili don zuba jari, kuma ko da yake kowa da irin tasa damuwar, kusan dukansu a wuri guda suka haɗu, wato yadda unguwar da kadara take ciki ke shafar ribar mai ita. Mun zaɓo huɗu daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi shekaru ina tara abin da ya sawwaƙa daga albashina, yanzu kuma ya kai in sayi gida in zuba 'yan haya. Dillali ya nuna mini gidaje biyu da kuɗinsu ya yi kusan ɗaya. Na farko babba ne, sabon gini mai ɗaki shida da fili a baya, a wata sabuwar unguwa da ke bayan gari. Na biyu tsohon gini ne mai ɗaki uku, a unguwar da ke kusa da tsakiyar birni. Zuciyata ta fi karkata ga babban, domin lissafina ya nuna hayarsa za ta fi kauri. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Kafin mu taɓa lissafin, ka sani abu biyu kake saya a lokaci guda: ginin, da kuma ƙasar da yake kai. Gini tun ranar da birkila ya ajiye cokalinsa yake fara tsufa. Rufi zai yi yoyo, fenti zai koɗe, bututun ruwa zai toshe, amma duk wannan da kuɗinka za ka gyara. Ƙasa kuwa ita ce mai tashi da faɗuwa, kuma darajarta tana zuwa ne daga abin da ke kewaye da ita, wato wuraren aiki, hanya, kasuwa, makaranta, asibiti, ruwa, wutar lantarki, tsaro da halin maƙwabta. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da mai gida ɗaya zai iya gyarawa shi kaɗai, komai yawan dukiyarsa. Zaɓin da dillali ya ajiye a gabanka ke nan a zahiri: gini mai yawa a kan ƙasa mai araha, ko ɗan gini a kan ƙasa mai tsada.

Dalilin da ya sa ƙasar tsakiyar gari ta fi tsada an daɗe da gano shi. Tun a 1826 wani Bajamushe mai gonaki, Johann Heinrich von Thünen, ya nuna cewa gonaki biyu masu albarka iri ɗaya ba sa yin daraja ɗaya idan nisansu da kasuwa ya bambanta, domin duk abin da manomin nesa ya kashe wajen kai amfanin gona kasuwa, daga abin da zai iya biya na hayar gonar ake zare shi. A 1964 masanin tsarin birane William Alonso ya ɗauko wannan tunani ya ɗora shi a kan gidajen birni, kuma ya zauna daidai, domin ɗan haya shi ma yana da kayan da yake kaiwa kasuwa kowace safiya, wato shi kansa. Abin da zai kashe na mota da lokacin da zai ɓata a hanya, daga aljihunka yake fita ba tare da ka gani ba, tunda shi ne ke rage abin da zai yarda ya biya ka. Saboda haka kada ka auna nisan unguwar da kilomita. Ka tashi da sassafe ranar aiki, ka shiga irin motar da 'yan hayarka za su riƙa shiga, ka ga minti nawa za ta kai ka wuraren da mutane ke neman abinci, sannan ka maimaita tafiyar da yamma lokacin tashi daga aiki.

Sai lissafin da ka ce ka yi. Ina zaton abin da ka yi shi ne ka ninka kuɗin ɗaki sau shida, ka gwada shi da kuɗin ɗaki uku, kuma yawancin masu sayen gidan farko a nan suke tsayawa. Bari mu ɗauki misali kawai. A ce kowane gida an saye shi a kan 100, babban yana kawo hayar 10 a shekara idan ya cika, ƙaramin kuma 6.5. Idan a sabuwar unguwa ɗakuna sukan yi wata uku babu kowa kafin a samu mai shiga, goman nan ta koma 7.5. Cire gyara, haraji, la'adar dillali duk lokacin da aka sake ɗan haya, da abin da za ka kashe na ruwa da gadi inda hukuma ba ta kai su ba, a ce 2.5, saura 5. Ƙaramin gidan da ba ya kwana babu mutum, wanda ɗawainiyarsa ba ta wuce 1.5 ba, shi ma 5 ya bar maka. Ribar ta zama ɗaya, amma a ɗaya kana fama da mutum shida da rufin ɗaki shida, a ɗayan kuma rabin haka. Ban ce lambobinka za su fito haka ba. Abin da nake so shi ne ka nemo na gaskiya ka zuba su a wannan ma'auni.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a lissafin shekara guda. A bayan gari fili bai ƙare ba, don haka duk ranar da haya ta ɗan tashi, wani zai gina sabon gida kusa da naka, 'yan haya kuma su koma can, tunda kowa ya fi son sabo. A unguwar da ta riga ta cika babu inda za a ƙara, sai dai a rushe a ɗaga sama, kuma wannan ƙarancin ne ke riƙe farashi. Shi ne ma ke sa ka samu mai saye da wuri ranar da buƙata ta taso maka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka a wuri guda.

Kada kuma ka ɗauka cewa tsohuwar unguwa ba ta mutuwa. Birnin Detroit na Amurka yana da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950, lokacin da masana'antun ƙera motoci ke kan ganiyarsu, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba, kuma a Yulin 2013 hukumar birnin ta kai kanta kotu a kan ta kasa biyan bashi. An kai matsayin da ake gwanjon gidaje a wasu unguwanninsa farawa daga dala 1,000, gidajen da a da iyalai suka yi alfahari da su. Gine-ginen suna nan, aikin da ke ciyar da mazaunansu ne ya tashi. Darasin da ya shafe ka shi ne ka bincika inda mutanen kowace unguwa ke samun kuɗin da suke biyan haya. Idan masana'anta ɗaya ce, ko jami'a ɗaya, ko ma'aikata ɗaya ke ɗauke da su duka, to ƙaddarar gidanka tana hannun wanda ke da ikon rufe wannan wuri ko mayar da shi wani gari.

Wannan bincike ba a bakin dillali ake yin sa ba, domin shi la'adarsa ranar ciniki take fita, ko ka ci riba ko ka faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zauna da 'yan hayar da ke layin, ka tambaye su yaushe suka shigo, nawa aka ƙara musu a bara, me zai sa su tashi. Ka ƙirga kangwaye da gine-ginen da aka fara aka bari, ka kuma duba ko masu gidajen da kansu suke zaune a ciki suna ƙara gini, domin mutum ba ya kashe kuɗi a inda yake shirin bari. Ka koma da dare ka ga gida nawa ke da haske. Idan ra'ayina kake nema, ga mai jari ɗaya tilo na fi natsuwa da ƙaramin gidan, muddin magini amintacce ya duba harsashinsa da rufinsa, sai fa idan bincikenka ya nuna sabuwar unguwar tana da nata wuraren aiki da suka riga suka kafu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Labari ya bazu cewa za a ja layin dogo ya ratsa wata unguwa a gefen birninmu, har da tasha, kuma tuni 'yan'uwana suka fara sayen filaye a can. Ina da ɗan abin da na samu na gado, suna ta matsa mini in saya kafin farashi ya wuce ni. Ina tsoron in makara, ina kuma tsoron in yi asara.

Amsa: Malama, tsoronki biyun duka suna da tushe. Gaskiya ne hanya da tashar jirgi suna ɗaga darajar unguwa, saboda dalilin da na bayyana a amsar farko, wato suna rage lokacin da mutum ke ɓatawa kafin ya isa wurin aiki. Abin da 'yan'uwanki ba su faɗa miki ba shi ne tsawon zaman jiran da ke tsakanin alkawari da ranar da jirgi zai fara tsayawa, da kuma mutanen da jiran ya karya.

Misalin da na fi so a nan shi ne Canary Wharf a gabashin Landan. Tashar jiragen ruwa ce a da, aka rufe ta a 1980, sai gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a 1981 don raya yankin. Kamfanin Olympia & York na ƙasar Kanada, wanda a lokacin yana cikin manyan kamfanonin gine-gine na duniya, ya fara gina ofisoshi a wurin a 1988, ya kammala doguwar hasumiyar One Canada Square a 1991. Amma hanyar da za ta kawo dubban ma'aikata ba ta iso ba. Ƙaramin layin jirgin ƙasa da aka buɗe a 1987 bai isa ya ɗauke su ba, ga kuma tattalin arziki ya yi sanyi, ofisoshi suka zauna babu masu haya, kamfanin ya durƙushe a 1992. Sai a 1999 aka buɗe ƙarin layin Jubilee na jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa wurin da tsakiyar birni, kuma a yau Canary Wharf na cikin manyan cibiyoyin bankuna na Turai. Hangen kamfanin daidai ne, bashin da ke kansa ne bai ba shi damar jira ba. A birnin dai, layin jirgin ƙasa na Elizabeth da majalisa ta amince da dokarsa a 2008, aka fara aikinsa a 2009 da niyyar buɗewa a Disambar 2018, bai fara ɗaukar fasinja a tsakiyar birni ba sai Mayun 2022. Idan haka ta faru a inda kuɗi da ƙwararru suka wadata, to duk wanda aka ba shi rana a ko'ina ya kamata ya ƙara mata shekaru a lissafinsa.

Aiki irin wannan yana da matakai: jita-jita, sanarwa, amincewar hukuma da fitar da taswira, ware kuɗi, ba da kwangila, sannan shigar motocin aiki. A kowane mataki farashin fili yana ƙaruwa, haɗarin kuma yana raguwa. Daga wasiƙarki na fahimci har yanzu a matakin farko ake, amma masu filaye sun fara neman kuɗin mataki na huɗu, kuma wannan shi ne cinikin biri a sama. Ki je ofishin hukumar da ke da aikin ki nemi ganin taswirar da aka amince da ita. Idan babu, to babu abin da ake sayar miki sai labari. Idan akwai, ki duba abu biyu. Na ɗaya, filin da ke cin moriya shi ne wanda mutum zai taka da ƙafa zuwa tashar cikin 'yan mintuna. Wanda ke jikin dogon amma nesa da tasha ƙara da girgiza kawai zai samu. Na biyu, ki tabbata layin ba ta kan filin zai bi ba, domin a yawancin ƙasashe hukuma tana da ikon karɓar ƙasa don aikin jama'a ta biya diyya, kuma diyyar ba lallai ta kai abin da kika biya a lokacin zumuɗi ba.

Ki kuma tuna fili ba ya kawo haya. Katanga, gadi da haraji duk daga hannunki za su fita har zuwa ranar da za ki sayar. Idan bayan duk wannan zuciyarki ta kwanta, ki sa abin da za ki iya mantawa da shi na shekara goma, kada ki sa gadon gaba ɗaya, kuma kada ki ci bashi a kansa ko da wa ya matsa miki.

Tambaya: Malam, na ga gidaje biyu suna kallon juna a titi ɗaya, girmansu da shekarunsu kusan ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ɗara na ɗayan sosai. Da na tambaya sai aka ce titin ne iyakar ƙananan hukumomi biyu. Shin wannan dalili ne, ko dai ana so a cuce ni?

Amsa: Yana iya zama dalili na gaskiya, Malam, domin layin da ba a gani a ƙasa yakan raba abubuwa da yawa: yawan harajin kadara, kwashe shara, gyaran magudanar ruwa, saurin ba da izinin gini, a wasu ƙasashe har da makarantar da yaran gidan za su shiga. A 1999 masaniyar tattalin arziki Sandra Black ta gwada gidajen da ke kusa da juna a jihar Massachusetts ta Amurka, waɗanda iyakar makarantun firamare ce kawai ta raba su, ta gano cewa inda sakamakon jarrabawar makaranta ya ɗara da kashi 5 cikin 100, masu saye suna biyan ƙarin kusan kashi 2.5 cikin 100 a kan gida.

Wanda ya fi wannan nauyi ga mai zuba jari shi ne dokar tsara gari, wadda ke fayyace abin da aka yarda a gina a kowane yanki. Fuloti biyu masu girma ɗaya, a ɗaya an yarda da bene hawa biyar da shaguna a ƙasa, a ɗayan kuma gidan iyali ɗaya kawai, ba za su taɓa yin kuɗi ɗaya ba. Kuma wannan doka tana canjawa: a 2016 birnin Auckland na ƙasar New Zealand ya sassauta ƙa'idar gini a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa, sai ga ƙananan gidaje masu faɗin fili sun zama abin nema ga masu son rushewa su gina da yawa. Tana kuma iya canjawa ta ɓangaren da ba ka so. A Yunin 2024 magajin garin Barcelona ya sanar da cewa zuwa Nuwambar 2028 ba za a sabunta lasisin gidaje sama da 10,000 da ake ba 'yan yawon buɗe ido haya ta 'yan kwanaki ba, kuma duk wanda ya sayi gida a can da lissafin irin wannan haya dole ya sake lissafi. A Berlin kuwa hukumar birnin ta ƙayyade kuɗin haya a Fabrairun 2020, sai kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a Afrilun 2021 bisa hujjar cewa hurumin gwamnatin tarayya ne, abin da ke nuna cewa sanin doka kaɗai bai wadatar ba, sai an san wace hukuma ce ke da ikon yin ta.

Don haka ka ziyarci ofisoshin hukumomin biyu, ka tambayi harajin da kowane gida ya biya a shekarun baya, abin da aka ware kowane gefen titi dominsa, da ko akwai wani sauyi da ke gaban majalisarsu. Idan bayan haka ba ka ga abin da ya bambanta su ba, sannan ka fara zargin mai sayarwa.

Tambaya: Malam, akwai wata unguwa a tsakiyar gari, kusa da komai, amma gidajenta sun fi na maƙwabtanta araha ƙwarai. An ce wani lokaci ruwa yakan shiga. Idan na ɗaga harsashin gini ba shi ke nan ba?

Amsa: Ɗaga harsashi zai kare ɗakunanka, Malam, amma ba zai kare titin da 'yan haya za su bi su shiga ba, kuma mutumin da ya taɓa wayar gari motarsa na cikin ruwa ba ya sabunta haya. Araha ba ta ado. Kasuwa ta riga ta cire kuɗin ambaliyar daga farashin, abin tambaya kawai shi ne ko ta cire isasshe. Tudu da kwari a birni ɗaya suna iya samun ƙaddara daban: lokacin guguwar Katrina a Agustan 2005 ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans na Amurka, amma tsohuwar unguwar French Quarter da ke kan tudu a bakin kogi ta tsira da ɗan abin da ba a rasa ba, yayin da unguwar Lower Ninth Ward da ke kwari ta ragargaje. A birnin Jakarta na Indunisiya kuwa unguwannin arewa suna nutsewa a hankali, musamman saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Indunisiya ta sanar a 2019 cewa za ta mayar da babban birninta tsibirin Borneo.

Abin da za ka fara ganowa shi ne musabbabin ruwan. Idan magudana ce ta toshe ko kwalbati ya yi ƙaranci, gyara na iya zuwa, kuma wanda ya saya kafin gyaran shi ke da riba. Idan kuwa unguwar a tsohuwar hanyar ruwa take zaune, ko kuma ana ta shimfiɗa gine-gine da kwalta a tudun da ke samanta ta yadda ƙasa ba ta shan ruwa, to abin ƙaruwa zai yi. Ka je wurin washegarin ruwa mai ƙarfi, ka duba shatar da ruwa ya bari a jikin katangu, ka tambayi dattawan layin iyakar inda ya taɓa kaiwa. Daga nan ka kai adireshin gidan ga kamfanin inshora da kuma bankin da ke ba da rancen gida, ka ji ko za su karɓe shi da kuma nawa za su caje ka, domin wanda zai saya daga hannunka wata rana su zai fara tambaya.